Waiwaye: Yadda 'Yar Ƙofa Biyu Mai Araha Ta Zama Marainiya

A garejin da nake kai motata a Farin Gada, a nan Jos, akwai wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Yaran gareji da samarin da ke zuwa a canza musu salansa sun rabu gida biyu a kan motocin da babu wanda ya taɓa gani da idonsa, wato waɗanda za su gaji Toyota GR86 da Mazda MX-5, ƙananan motocin gayu masu ƙofa biyu, idan lokacinsu ya yi. Gida ɗaya sun ce muddin ba a sa tobo ba, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi, to kada ma a wahalar da jirgin ruwa wajen ɗauko mota. Ɗaya gidan sun ce tobo nauyi ne da zafi da ƙarin kuɗi, a bar inji ya shaƙi iskarsa da hancinsa. In an gaji da maganar inji sai a koma kan fuska: a kwantar da bonet ƙasa-ƙasa, a dawo da fitilun nan na da masu buɗe ido su rufe, a daina yi wa mota wawakeken baki kamar tarwaɗa. Sharuɗɗa huɗu ne kawai ba sa jayayya a kansu. Ta zama ba nauyi, mai jan baya (wato tayoyin baya ne ke tura ta), mai giyar hannu, kuma kuɗinta kada ya yi wa na Corolla nisa.

Ba a banza suke wannan ɗoki ba, an daɗe ana lasa musu zuma a baki. A 2022 Toyota ta shiga gasar Super Taikyu ta Japan da wata GR86 da aka dasa wa ƙaramin inji mai silinda uku da tobo, daga nan jita-jita ta yi fiffike. A baje kolin motoci na Tokyo na 2023 Mazda ta nuna samfurin Iconic SP, ja wur, da fitilu masu lumshewa, Daihatsu kuma ta nuna Vision Copen mai inji lita 1.3 da jan baya. Wanda ya daɗe yana bibiyar harkar ya san samfurin baje koli ba alkawari ba ne. A 2015 ma an nuna wata 'yar mitsitsiyar Toyota S-FR, aka yi ta yaba ta, kuma ba ta fito kasuwa ba.

Maigidan garejin dattijo ne da ya koyi aiki a kan Fijo 504 tun gemunsa bai fito ba. Ba ya shiga musun. Rannan dai da hayaniya ta yi yawa ya zamo daga ƙarƙashin wata Vectra yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Ku yi ta yi. Motar da kuke nema uwarta ta rasu tun ba a haife ku ba." Yaran suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Haba Baba, mota ma har da uwa?" Bai tanka ba, ya koma inda ya fito. Ni kuwa da maganar na koma gida, domin duk abin da na karanta a kan tobo da bonet babu wanda ya taɓo gindin zancen kamar ita.

Farkon labarin sananne ne, ba sai na ja shi ba. Bayan yaƙin duniya na biyu Ingila ta cika kasuwar Amurka da ƙananan motoci masu kujera biyu da rufin da ake yayewa: MG, Triumph, Austin-Healey. MGB kaɗai an ƙera fiye da rabin miliyan tsakanin 1962 da 1980. Colin Chapman na kamfanin Lotus ya yi suna ne wajen rage wa mota nauyi maimakon ƙara mata inji, Elan ɗinsa ta 1962 wajen kilo 700 take. Japan ta biyo sahu da Toyota Sports 800 a 1965 da Datsun 240Z a 1969. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, ga dokokin hayaƙi da na kariya daga haɗari, motocin Ingila suka ƙara nauyi suka rage ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya suka bi ta kansu. A nan yawancin masu ba da tarihin ke ajiye numfashi, su ce mai ya yi tsada, zamani ya canza, su tsallaka zuwa 1989 lokacin da Mazda ta farfaɗo da abin.

Abin da ake tsallakewa shi ne da me aka ƙera waɗancan motocin tun asali. Ɗauki Austin-Healey Sprite ta 1958, wadda aka sayar fam 669. Injinta mai cc 948 da ƙarfin doki 43 na Austin A35 ne, motar da magidanta ke zuwa ofis da ita. Sitiyarinta na Morris Minor ne. An so a yi mata fitilu masu ɓuya a cikin bonet, da aka buga lissafi aka ga kuɗin zai hau, sai aka bar su a tsaye tsuru-tsuru, shi ya sa har yau ake ce mata mai idon kwaɗo. Araha ba ta ado. Triumph Spitfire ta 1962 a kan ƙashin Herald aka ɗora ta. Toyota Sports 800 kayan Publica ce, motar talakan Japan. Ko Elan ɗin Chapman, gangar injinta ta Ford ce ta motocin iyali. Babu ɗaya a cikinsu da aka zauna aka zana mata inji da giyabos da aksul nata na kanta. Kamfani kan ƙera motar iyali dubu ɗaruruwa, kuɗin bincike da na kafa injinan masana'anta duk ya fita a kanta, sannan a debi kayanta a lulluɓa musu wani ɗan siririn jiki mai ƙofa biyu a sayar wa samari. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Hakan ya yiwu ne saboda a wancan zamani kusan kowace motar iyali tsari ɗaya gare ta da motar tsere. Inji a miƙe a gaba, giyabos a bayansa, doguwar farfela ta bi ta ƙarƙashin mota ta kai ƙarfi ga tayoyin baya. Mu nan ba sai an zana mana hoto ba. Duk wanda ya taɓa shiga Fijo 504 ta haya daga Jos zuwa Kaduna ko Bauci, aka haɗa shi mutum biyu a kujerar gaba, ya san tudun nan na tsakiyar mota da ake ɗora rabin cinya a kai, ya san zafin da ke tasowa daga cikinsa, ya san yadda direba ke cewa "Malam ɗan gyara ƙafarka" duk sanda zai sa giya. A ƙarƙashin wannan tudun giyabos da farfela suke. Datsun 120Y haka take, tsohuwar Starlet haka take, tsohuwar Corolla haka take. Kuma 504 ɗin da muke yi wa kallon jakar hanya ita ce ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a 1975, shekarar da aka fara haɗa ta a Kaduna. A Turai har da samfurinta mai ƙofa biyu da Pininfarina na Italiya ya zana. Uwa ɗaya ta haifi tasi da motar gasa.

Amfanin jan baya ga mai son tuƙi rabon aiki ne. Tayoyin gaba su ji da juya mota, na baya su ji da tura ta. Nauyi ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, sitiyari ya riƙa gaya wa hannunka abin da titi ke ciki ba tare da inji yana fizgarsa ba, in ka shiga kwana kana iya daidaita mota da totur. Magidanci da ke kai yara makaranta babu abin da ya dame shi da wannan. Shi abin da ya gani, tudun tsakiya ya cinye masa wurin ƙafa, dogon bonet ya cinye masa wurin zama, farfela da aksul ƙarfe ne mai nauyi da yake sayen mai yana jansu kullum.

Maganin matsalarsa ya fito tun 1959, da Alec Issigonis ya ƙera Mini bayan ƙarancin man da rikicin Suwez na 1956 ya jawo wa Ingila. Ya juya inji ya kwantar da shi a gicciye tsakanin tayoyin gaba, ya sa su ja motar. A 1969 Fiat 128 ta gyara dabarar, ta ajiye giyabos a gefen inji, wanda shi ne tsarin da ke cikin kusan kowace ƙaramar mota da ke bin titin Bauci Rod a yau. Daga nan abin ya zama kamar wutar daji, sai dai a hankali ta ci, shi ya sa ba a kafa mata rana a tarihi ba. Honda Civic a 1972. Volkswagen Golf a 1974. Opel Kadett ta juya a 1979, Ford Escort da Mazda 323 a 1980, Nissan Sunny a 1981, Corolla a 1983, Starlet a 1984, har Celica, wadda ita kanta motar gayu ce, ta juya a 1985. Cikin shekara goma sha kaɗan ƙaramar motar iyali mai jan baya ta ƙare a manyan kasuwannin duniya.

Kuma gaskiya ce a faɗa, babu wanda ya yi kuskure a nan. Jan gaba ya fi sauƙin haɗawa a masana'anta, domin inji da giyabos da abin raba ƙarfi ga tayoyi duk dunƙule ɗaya ne, a cusa shi ta ƙasa a ɗaure. Mota ta fi faɗi a ciki, ta fi shan mai kaɗan, ta fi riƙe hanya a santsi a hannun direban da ba gwani ba. Mutum miliyan sun samu mota mafi dacewa da su. Ƙadangare ne kawai ya zo ya tarar an ɗauke kasko.

Shekarar 1983 ita ce nake ganin ya kamata yaran garejin su haddace, domin a cikinta abin ya fito fili ƙarara. Da Toyota ta juya Corolla ta ƙarni na biyar zuwa jan gaba, sai ta bar samfurori masu ƙofa biyu da uku a kan tsohon ƙashin jan baya na Corollar da ta gabata, ta sa musu sabon inji lita 1.6 mai bawul 16, da ake kira 4A-GE, mai ƙarfin doki 130 a lissafin Japan. Ita ce AE86. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuɗinta na Corolla ne da ɗan ƙari, kayan gyaranta a ko'ina. Samarin Japan suka ɗauke ta suka hau hanyoyin duwatsu da dare, direba Keiichi Tsuchiya ya yi suna da zamiya da ita a kwana, daga nan wasan jan taya da yaranmu ke kallo a waya ya bazu duniya. Duk wanda yau ke cewa a yi masa mota mara nauyi, mai jan baya, mai araha, ko ya sani ko bai sani ba AE86 yake kwatantawa. Amma AE86 'yar auta ce da aka haifa uwa na kan gargara. An yi ta ne da ragowar kayan da aka riga aka ci kuɗinsu. A 1987 da aka sake sabunta Corolla, har masu ƙofa biyun suka koma jan gaba, domin tsohon ƙashin ya tsufa kuma babu wata motar iyali da za a sake ara daga gare ta.

Injiniyoyi ba su zauna sun rungume hannu ba. Wata dabara da suka yi ita ce a ɗauki dunƙulen injin jan gaba yadda yake a gicciye, a mayar da shi bayan kujerar direba, ya ja tayoyin baya. Fiat X1/9 ta 1972 kayan Fiat 128 ce da aka yi wa haka, Toyota MR2 ta 1984 kayan Corolla ce, MGF ta 1995 ma haka aka yi mata. Dabara ce mai kyau, amma mota mai inji a tsakiya kujera biyu ce tak, ba wurin kaya na kirki, ga wahalar gyara, ga ta da saurin juyewa da wanda bai iya ba. Bakanike ba ya son ta, uwargida ba ta son ta. MR2 ta kai 2007 ta tsaya.

Sai kuma ɓarna ta biyu da juyin ya yi, wadda ta fi ta farko ciwo: ya kwashe masu saye. A 1976 Volkswagen ta sa wa Golf inji mai ƙarfin doki 110 ta kira ta GTI. Peugeot ta biyo da 205 GTI a 1984. Ga gudu, ga kujera biyar, ga but, ga rufin da ba ya yoyo. Saurayin da a da zai sayi 'yar ƙofa biyu ya sayar da ita ranar da aka sa masa ranar aure, yanzu ya samu motar da zai yi samartaka da ita kuma ya kai amarya asibiti awo da ita. Wato motar iyali mai jan gaba ta haifi nata 'ya'yan masu zafi, su ne suka gaji albarkacin. Har Lotus, gidan su Chapman, da ta dawo da sunan Elan a 1989 jan gaba ta yi ta da injin Isuzu, kuma ba ta yi kasuwa ba.

Mu a nan labarin ya iso mana a makare, shi ya sa ba mu ji faɗuwarsa ba. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000, lokacin da Turai ta daɗe da mantawa da ita. Muna ganin jan baya kullum a tasha, sai muka ɗauka abu ne da ba ya ƙarewa. A hankali 'yan Kwatano suka cika gari, Golf da Vectra da Corolla da Civic, ita ma Kaduna ta koma 406 mai jan gaba. Baba ya ce shi a hannunsa ya ji canjin, ba a jarida ba. Da aikinsa sauke farfela ne, da canza kuros, wato mahaɗin farfela, da zuba baƙin mai a aksul. Sai aka wayi gari kowa na zuwa da ƙara ɗaya, ƙas-ƙas-ƙas in an karya sitiyari, robar shaf ta yage ƙasa ta shiga. Yaran da ya ɗauka aiki a shekarun nan wasunsu sai su shekara ba su kwance farfela ba, in ba Hilux ko tsohuwar Marsandi ta shigo ba.

To, da wannan a zuciya sai a sake duba 1989. Mazda MX-5 da aka buɗe a Chicago a watan Fabrairun shekarar, mai ƙarfin doki 116 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba, ana ba da labarinta kamar dawowar zamanin da. Ba dawowa ba ce, sabon abu ne mai tsada da aka yi masa kwalliyar tsoho. Injin 323 aka ara, amma sai da aka juya shi ya miƙe, sauran ƙashin motar kuwa nata ne ita kaɗai. Ta rayu ne saboda ta samu kasuwar duniya kusan ba abokin hamayya. Duk da haka sai a 2016, bayan shekara 27, ta cika miliyan ɗaya, adadin da Corolla kan yi a shekara guda. A nan lissafin yake. Kuɗin zana ƙashin mota da gwada shi a karo da kafa masa layi a masana'anta kusan ɗaya ne, ko mota dubu talatin za ka sayar a shekara ko miliyan. Wanda zai raba kuɗin a kan dubu talatin dole ko ya tsauwala farashi ko ya nemi abokin tarayya.

Shi ya sa kusan duk wata 'yar ƙofa biyu ta wannan zamani sai ka tarar da iyaye biyu a takardar haihuwarta. Toyota 86 da Subaru BRZ na 2012 mota ɗaya ce, a masana'antar Subaru ta Gunma ake ƙera su. Fiat 124 Spider ta 2016 MX-5 ce da aka riƙa haɗawa a Hiroshima. Toyota Supra ta 2019 da BMW Z4 a Graz ta ƙasar Ostiriya suka fito daga gida ɗaya. Marayu ne ake haɗa musu kuɗin riƙo.

Musun tobo ma ba yau aka fara ba. Tun da aka nuna samfurin FT-86, wanda ya zama Toyota 86, a Tokyo a 2009 aka yi ta rokon a sa shi. Motar ta fito a 2012 babu shi: inji lita 2 mai silinda huɗu a kwance suna dukan juna kamar 'yan dambe, ƙarfin doki 200, nauyi wajen kilo 1,250, kuɗi wajen dala 25,000 a Amurka, da siraran tayoyi irin waɗanda ake sa wa Prius don ta riƙa zamewa ba sai an yi gudun mutuwa ba. Aka yi ta ƙorafin cewa ƙarfinta na yin rami a tsakiyar totur. Da aka sabunta ta a 2021 ta zama GR86, amsar da aka bayar ita ce faɗaɗa injin zuwa lita 2.4 da doki 235, ƙarfin jan ya riƙa zuwa da wuri. Tobo dai shiru.

A nan Jos dole in ba masu son tobo gaskiyarsu, domin suna da hujjar da mutumin Legas ba shi da ita. Garinmu na kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri. Injin da ke shaƙa da kansa yana rasa kamar kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita ɗari da aka hau. Doki 200 a bakin teku in sun iso Rayfield sun koma ƙasa da 180. Direban da ya taɓa hawo Hawan Kibo da cikakken lodi ya san yadda mota ke shessheƙa tun kafin ta kai sama. Tobo yana cusa wa inji iska da ƙarfi, saboda haka ba ya jin tudu sosai. Matsalar ita ce tobo ba ya zuwa shi kaɗai, da tawagarsa yake tafe. Sai an sa abin sanyaya iskar da bututunsa, sai an ƙara girman lagireto, sai kuloci da giyabos masu jure ƙarfin, sai manyan birki, sai faffaɗan tayoyi. Kowanne kilo ne, kowanne kuɗi ne. Kafin ka ankara ka tashi daga gidan 86 ka shiga gidan Supra, nauyi da farashi duka. Taura biyu ba ta taunuwa. Kuma an gwada: Fiat 124 Spider MX-5 ce mai tobo, injin Fiat lita 1.4, daidai abin da ake ta roƙo, amma shekara huɗu ba ta cika da kyau ba aka daina ƙera ta, ita kuwa wadda ba tobo tana nan.

Wani yaro a garejin ya ce ai abin da sauƙi, a ciro injin Toyota GR Yaris mai silinda uku da tobo a dasa. A zamanin Sprite da maganarsa ta zauna daram. Yau kuwa injin an yi shi ne ya kwanta a gicciye. Kafin ya miƙe sai an sake masa mazauni, da kaskon mai, da hanyar salansa, da giyabos ɗin da zai karɓe shi. Sannan inji ne mai tsayi, silindojinsa a tsaye suke, alhali na 86 a kwance yake kamar faranti. A nan ne maganar inji ta haɗu da maganar fuska, waɗanda yaran ke musu a kansu kamar abu biyu ne daban. Kwantaccen bonet ɗin 86 da suke yabo kyautar kwantaccen injinta ne. Dogon hanci da gajeren baya da ido ke gani ya ce wannan motar tsere ce, asalinsa ba ado ba ne, wurin da miƙaƙƙen inji ke buƙata ne.

Daga wajen 2005 kuma Turai da Japan suka fara auna mota da abin da za ta yi wa mai tafiya a ƙasa in ta buge shi. Ana son a bar sarari tsakanin bonet da ƙarfen inji, don in kan mutum ya bugu bonet ya lotsa kafin ya tarar da abu mai tauri. Fitilu masu buɗe ido, da kaifin gefensu, a 2004 suka yi bankwana da Corvette da Lotus Esprit. Ni da nake tsallaka titi a Taminus da ƙafa, cikin keke-napep da 'yan acaɓa, ba ni da bakin kuka da wannan. Akwai hanyar kewayewa, MX-5 ta yanzu tana da bonet mai zabura sama da kansa in aka yi karo da mutum. Amma ita ma na'ura ce, kuɗi ce, kuma a kan 'yan motoci kaɗan za a raba shi. Don ta dawo kusa da tan ɗaya a 2015 sai da Mazda ta bi kowane ƙarfe tana aske masa giram-giram, har notin taya ta mayar huɗu daga biyar. Ban ma taɓo maganar yadda motar da cikinta bai fi santimita 13 daga ƙasa ba za ta yi da tudun rage gudu na unguwanninmu ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a majalisa ba. Cikin masu musun nan babu wanda zai sayi motar sabuwa, har da ni. Jira muke wani a Amurka ko Japan ya saya, ya more ta shekara goma, ko ya buga ta inshora ta yi gwanjonta, sannan ta biyo jirgi. Tun 2023 da dala da fetur suka yi tashin gwauron zabi, ko wannan jiran ya ƙara tsawo. Kamfani kuwa mai sayen sabuwa yake ƙirgawa, kuma mai sayen sabuwa a yau, can da nan, doguwar mota mai tudu yake nema wadda za ta ɗebi iyali. Samarinmu masu son jan taya su ma sun gane, shi ya sa suke bin tsofaffin BMW da Marsandi na shekarun 1990, waɗanda manyan motoci ne da suka riƙe jan baya saboda masu sayensu na iya biya.

Ranar da na koma karɓar motata musun na nan inda na bar shi, an ma ƙara da batun ko za a haɗa mata batir. Na tsaya ina duba motocin da ke cikin garejin, Corolla uku, Vectra biyu, Golf, Sharon, wata Civic da aka yi wa ƙaton salansa. Duk jan gaba. A can ƙarshe kusa da katanga akwai wata 504 fikof mai ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos, an ɗage bayanta a kan duwatsu. Na ƙirga sharuɗɗan yaran a kanta: jan baya, giyar hannu, nauyinta in ba kaya bai yi wa na GR86 nisa ba, kuɗinta bai kai na Corolla ba, ƙofarta ma biyu ce. Na ce, "Baba, ga motar da suke nema can." Ya leƙa ya ce kuros ɗin farfelarta ne ya ci, kwana uku ke nan ana nema a Dilimi ba a samu na asali ba, sai dai a aika Kaduna. Sannan ya ƙwala wa mai son tobon kira ya ce ya kawo sifana mai lamba goma sha uku, ya zo ya ga yadda ake sauke ta.